Labarin Zuciya, a Tambayi Na'ura?

A shekarar 2006, a birnin Puebla na ƙasar Meziko, wani mai fasaha da ake kira Rafael Lozano-Hemmer ya rataya ƙwayayen lantarki masu yawa a rufin wata tsohuwar masana'anta, ya kuma kafa wasu ƙarafa biyu a gefe guda. Duk wanda ya shigo ya riƙe ƙarafan nan da hannuwansa, sai wata na'ura ta ɗauki bugun zuciyarsa, ƙwan da ke gabansa ya shiga haske yana ɗaukewa daidai da bugun. Da zarar ya saki, sai fitilun duka su mutu na ɗan lokaci, sa'an nan bugun nasa ya koma kan ƙwan farko na jerin, na wanda ya riga shi ya matsa gaba. Ta haka zauren ke cika da zukatan mutanen da suka riga suka tafi gida. Sunan aikin Pulse Room, watau ɗakin bugun zuciya.

Bayan shekara biyu wasu matasa uku, Julius von Bismarck da Benjamin Maus da Richard Wilhelmer, suka kafa wata ƙatuwar fuska ta ƙarfe da fitilu a birnin Balin, a 2010 kuma suka ɗora ta bisa hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta garin Lindau a kudancin Jamus. Kyamara tana ɗaukar fuskokin masu wucewa, kwamfuta tana auna su, ita kuwa fuskar ƙarfen sai ta yi murmushi ko ta ɓata rai, wai gwargwadon halin da mutanen garin ke ciki.

Masu sharhi kan jera ayyukan nan biyu a sahu ɗaya, tun da yake duka biyun suna amsa wa mai kallo ta hanyar na'ura. Ni kuwa a ganina ba ɗaya suke ba. Na farkon yana nuna abin da ya auna. Na biyun, da ire-irensa da suka yawaita a gidajen nune-nune, abu ɗaya suke aunawa su ba da labarin wani.

Bari mu fara da zuciya, tun da ita ce fagena. Zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti idan yana hutawa, kuma kowane bugu yana tafe da wata 'yar wutar lantarki da ake iya ɗauka daga fatar hannu. Wannan awo ne tabbatacce. Amma me ya sa ta yi sauri? A nan ne na'ura ke yin shiru. Nakan sa ɗalibaina su ƙirga bugun zuciyarsu bayan sun hau bene da gudu, su sake ƙirgawa a ranar da na shigo aji da takardun gwaji ba zato. Sau da yawa alƙaluman ba su da nisa da juna. Tsoro da fushi da murna da gudu duk suna taɓa jijiyoyi iri ɗaya, suna sa 'yan halittun da ke bisa ƙoda su zuba sinadarin adiranalin cikin jini. Abin da ya burge ni da Pulse Room shi ne bai ce wannan ƙwan na mai tsoro ne, wancan na mai soyayya ba. Ya bar mai kallo da nasa tunanin.

Batun fuska ya fi tsawon tarihi. Mu Hausawa mun ce labarin zuciya a tambayi fuska, Turawa ma sun daɗe a kan haka. A 1862 wani likita Bafaranshe, Duchenne, ya wallafa hotunan mutanen da ya riƙa jona wa lantarki a tsokokin fuska domin ya ga wace tsoka ke haifar da wane kamanni. Shi ne ya lura cewa murmushin gaske yakan haɗa da tsokar da ta kewaye ido, ba ta kunci kaɗai ba. Darwin ya yi amfani da waɗansu hotunan nan a littafinsa na 1872 kan yadda mutum da dabba ke bayyana abin da ke ransu. Daga baya Paul Ekman, Ba'amurke, ya je wurin mutanen Fore a ƙasar Papua New Guinea, ya dawo da ra'ayin cewa akwai yanayi shida da fuskar kowane ɗan Adam ke nunawa iri ɗaya: murna, baƙin ciki, fushi, tsoro, ƙyama da mamaki. A 1978 shi da Wallace Friesen suka fitar da tsarin ba kowane motsin fuska lamba. Galibin manhajojin da masu fasaha ke ɗauka su saka cikin ayyukansu a kan wannan harsashi aka gina su.

To, harsashin ya tsage. A 2019 masana biyar, Lisa Feldman Barrett na gaba, suka bi diddigin bincike sama da 1,000, suka ce ba za a iya dogara da motsin fuska kaɗai a san abin da mutum ke ji ba. Alal misali, mai fushi yakan murtuke fuska ne a kusan kashi 30 cikin 100 na lokutan fushinsa, sauran lokutan wani abu dabam yake yi. Kuma mutum yakan murtuke don yana lissafi, ko rana ta dame shi, ko cikinsa na ciwo. Kafin nan, a 2016, an nuna wa mutanen tsibiran Trobriand hoton fuskar da Turawa ke kira ta tsoro, mai zare ido da buɗe baki, sai suka ce wannan ai fuskar mai barazana ce.

Mu ba ma bukatar zuwa tsibiri. A kai kyamarar Lindau gidan biki a ga amarya tana sharɓar kuka ranar da za a kai ta ɗakin wanda ita ta zaɓa. A kai ta filin sharo, inda saurayin Bafulatani ke riƙe da madubi yana murmushi, bulala kuwa na tsaga masa fata. Harshenmu da kansa ya raba dariya da yaƙe, ya san kukan daɗi. Yarinya mai kunya da ta sunkuyar da kai gaban surukinta, wace lamba kwamfuta za ta ba ta? Ashe karin maganar nan tamu tana aiki ne idan mai tambayar fuskar ya san mai ita, ya san inda ake da abin da ya faru jiya.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka gwada manhajoji uku na kasuwa masu tantance mace da namiji daga hoto: kuskurensu a kan maza farare bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a kan mata baƙaƙe kuwa ya kai kusan kashi 35. A shekarar nan dai Lauren Rhue ta ba manhajojin gane yanayi hotunan 'yan wasan ƙwallon kwando na Amurka, sai ga shi suna jingina wa baƙaƙen fushi ko raini fiye da fararen, ko da murmushinsu ɗaya ne.

Wani abokina malamin zane ya ce mini na cika tsanani, ai fasaha ba ɗakin gwaji ba ce, kuma masu fuskar Lindau da gangan suka yi domin mutane su tsorata da yadda ake leƙen su. Na yarda da rabin maganarsa. Lozano-Hemmer ma ya yi haka a 2015, da ya ɗora wa manhajar gane fuska hotunan ɗalibai 43 na Ayotzinapa da aka ɓatar a Meziko a 2014, tana ta neman su a fuskar duk wanda ya tsaya gabanta ba ta samu. A can gazawar na'urar ita ce saƙon. Amma yaron da aka kai gidan nune-nune, bango ya koma ja aka ce masa fushi yake yi, ba darasin shakka ya koya ba. Ya koyi cewa na'ura ta fi shi sanin ransa, kuma shi ne gobe zai zauna gaban kyamara neman aiki.

Kamfanin Microsoft ya sanar a 2022 cewa zai janye sashen gane yanayi daga manhajarsa ta fuska. Dokar Tarayyar Turai ta 2024 ta hana amfani da irin wannan a wuraren aiki da makarantu, sai don lafiya ko tsaro, amma ba ta hana shi a zauren fasaha ba. Ni ma ba na neman a hana. Roƙona ga masu shirya nunin shi ne su kafa ɗan allo a ƙofa, kamar yadda muke liƙa takarda a jikin kwalba a ɗakin gwaji, su rubuta abin da na'urar ke aunawa da sunansa na gaskiya, watau tazarar leɓe da gira ko yawan bugu a minti, su kuma faɗi inda hoton mai kallo zai tafi bayan an rufe zauren.