Daga Zauren Yakite: Ayarin Zuwa Bakin Teku

Tun da muka ambaci tafiyarmu ta Kribi a wata fitowa da ta gabata, mutane da dama suke tare mu a ƙofar masallaci da cikin kasuwa. Wasu na tambayar yadda hanya take, wasu kuwa na ganin wauta ce magidanci ya kwashi iyali ya bi titin Garwa-Bulai ba don fatauci ko jinya ba, sai don kawai a je a ga ruwa. Wani dattijo da muke ganin girmansa ya riƙe hannunmu bayan sallar la'asar ya ce: "Ɗan Malam, hanyar da aka fitar da mu a kanta kamar buhunan gawayi, ita za ka mai da wurin yawon buɗe ido?" Ba mu amsa masa a tsaye ba, domin tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye. Ga amsar yau a zaune.

Da farko dai, Baba, hanyar nan ta girmi shekarar 2014. Kakanninmu da ita suka shigo ƙasar nan. Ayarin fatake kan taso daga Kano da Katsina, ya bi ta Yola da Ngaundere, ya sauka Kunde kusa da Baboua, daga nan wasu su gangara Carnot da Berberati, wasu kuma daga baya su iso Bangui, garin da Faransawa suka kafa a 1889 a bakin kogin Ubangi. Madugu ke shugabantar ayari, jagaba na gaba yana duba hanya, kuma babu ɗayansu da ke riƙe da taswira. Da ido suke tafiya. In suka ga balbela sun san akwai shanu kusa, wato akwai ruga da nono. In kurciyoyi suka riƙa ketawa gefe guda da maraice sun san ruwa yana can. In ungulaye na kewaya wuri ɗaya a sama, sai jagaba ya tsai da jakuna ya fara zuwa ya gani. Mahaifinmu, Allah Ya ƙara masa lafiya, yakan ce kakansa ya fi sanin sunayen tsuntsaye da itatuwan da ke tsakanin Ngaundere da Bouar fiye da sunayen maƙwabtansa.

Sa'an nan abin da ya faru ya faru. A farkon 2014 titin nan na kusan kilomita 600, daga PK12 zuwa Beloko, ya ɗauki matanmu da tsofaffinmu a saman kamiyo, bisa katifu da tukwane, kowa kansa a sunkuye. Mahaifiyarmu na cikinsu, da matar yayanmu mai tsohon ciki, wadda ta haihu a sansanin Gado-Badzere kusa da Garwa-Bulai. Waɗanda suka zauna a Kilomita Biyar kuma suka shekara da shekaru duniyarsu ba ta wuce gadar Yakite da gadar Jackson ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a wannan fitina.

Abin da ya tashe mu tsaye ba wani babban abu ba ne. Yaron nan da aka haifa a sansani ya tambaye mu wata rana ko gaskiya ne akwai kogi a Bangui. Haihuwar sansani, tashin Yakite, kilomita biyar kacal tsakaninsa da Ubangi, amma bai taɓa ganinsa ba. Da muka nuna masa hankaka a kan katanga muka ce mene ne wannan, sai ya ce "ndeke", wato tsuntsu da harshen Sango. Shirwa ma ndeke, balbela ma ndeke. Ba laifin Sango ba ne, domin tsofaffin masu harshen suna da sunan kowane tsuntsu. Laifin tsoro ne, wanda ya hana mu fita da yara, har ya hana mu ɗaga kai sama mu nuna musu abin da ke wucewa.

Muka zuba adashi na wata goma sha huɗu. A hutun ƙarshen shekarar 2023 muka tashi mu tara a motar fasinja, bayan mun sha wahalar takardu, don da yawa daga cikin namu sun ƙone ko sun ɓata a lokacin gudu. Da katin rigakafin shawara a hannun kowa, muka bi bayan jerin manyan motocin kaya masu komawa Duwala. Ayarin zamani ke nan, da madugunsa da zangonsa, sai dai kamiyo ya gaji jaki. Wanda ya manta muhimmancin wannan jeri ya tuna Disambar 2020, lokacin da 'yan tawaye suka datse titin, ɗaruruwan motoci suka yi makonni a tsaye a Garwa-Bulai, farashin sukari da sabulu da albasa ya tashi a kasuwarmu. Titin nan shi ne maƙogwaron ƙasar.

Tun muna fita daga gidajen gari muka fara ƙasaru, don a mazhabar Malikiyya tafiyar burudi huɗu, wato mil 48, kimanin kilomita 80, tana sa a mai da sallar raka'a huɗu zuwa biyu. Yara sun sha karanta wannan babi a Risala suna hamma, amma ranar da suka yi azahar raka'a biyu a gefen titi bayan Bossembele, har gardama suka yi a kan wanda ya fi fahimtar hukuncin. A Kribi kuwa da yake mun yi niyyar kwana biyar, sai muka cika, tun da niyyar zaman kwana huɗu tana yanke hukuncin matafiyi.

Mahaifiyarmu ba ta so zuwa ba. Da ƙyar ta yarda, kuma ta zauna nesa da taga, ta fito da zaren tukurwa da basilla ta kama saƙar faifai. A ƙasar Hausa da kaba ake yi, amma nan kudu goriba ba ta yawaita ba, shi ya sa matanmu suka koma tukurwa, wasu kuma suna warware buhunan roba masu launi su naɗe a kan ciyawa. Faifai daga cibiya ake fara shi, ana naɗawa ana ɗinkewa ana kewayawa, kuma in cibiya ta karkace, duk faɗin da zai yi a karkace zai tafi. Daga PK12 har Boali ba ta ɗaga ido ba. Da muka shiga Yaloke, inda ɗaruruwan Fulani suka yi fiye da shekara a tsare a wuri guda tun daga 2014, sai muka ga basillar ta tsaya, leɓunanta na motsi. Babu wanda ya ce uffan a motar.

Tsuntsu ne ya sa ta duba waje. Lokacin rani ne, ana ƙonar daji, sai ga shirwoyi sun taru bisa hayaƙi suna cafkar fara da ƙwarin da wuta ta kora, balbelu kuma na bin bayan toka suna tsinta. Yaron ya yi ta kiran "Kaka, Kaka, dubi ndeke!" Ta ce masa: "Kai angona, wane irin ndeke? Wannan shirwa ce, ɓarauniyar 'yan tsaki." Daga nan baki ya buɗe. Ta nuna masa cilakowa mai dogon baki tana tashi tana sauka kamar an ɗaure ta da zare, ta nuna masa carki a bayan sa yana cire kaska, ta ba shi labarin shamuwa, baƙar tsuntsuwa mai farin ciki, wadda in ta sauka a rimin Kano manoma ke cewa damina ta ƙarato. Mu muka ƙara masa da cewa shamuwar nan ta samanmu take bi: tana haihuwa a ƙasashen Sahel da damina, in rani ya shigo ta tsallaka tsakiyar Afirka zuwa kudancin nahiyar, sa'an nan ta komo. Wato ita ma ayari take yi, zuwa da dawowa, kowace shekara.

A Bouar muka kwana, kuma da safe muka leƙa tsayayyun duwatsun nan da mutanen dā suka kakkafa, waɗanda Gbaya ke kira tazunu. Kusa da masaukinmu akwai itace guda da marai suka cika da sheƙa, sun fi a ƙirga, kowace a rataye ƙofarta na kallon ƙasa. Nan mahaifiyarmu ta daɗe a tsaye. Namijin ne ke saƙa, yana yago ganyen ciyawa ko na kwakwa sili-sili, ya fara da zobe, ya riƙa cusawa da baki yana janyowa, ya gama cikin yini guda ko makamancin haka. Macen ta zo ta shiga ta duba, in bai yi mata ba ta tafi abinta, shi kuma ya warware ya sake. Tsohuwa ta yi dariya, dariyar da muka jima ba mu ji ba, ta ce ashe akwai ƙasar da maza ke saƙa mata na zaɓe. Ta ɗauki wata sheƙa da ta faɗo, ta juya ta, ta nuna wa jikokinta mata inda aka fara da inda aka ƙulle, ta ajiye kusa da faifanta don su gwada. A ranar ce babbarsu, wadda a gida sai an yi faɗa take taɓa basilla, ta karɓi zare.

Ba za mu ɓoye wahalar hanya ba. Shingaye sun yi yawa, kuma ba a kowanne ne takarda kaɗai take wadatarwa ba, balle ga mai suna irin namu. Akwai inda muka yi sa'a uku a rana saboda harafi ɗaya a takardar haihuwar yaro. Muka wuce Bertoua da Abong-Mbang cikin kurmi, muka kwana a unguwar Briqueterie ta Yawunde, inda Hausa ke tashi a kowane lungu har mutum ya ɗauka bai bar gida ba. A nan wani ya so ya sayar mana da aku mai jan wutsiya a keji, muka ƙi. Tun 2016 ƙasashen duniya suka hana cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa, saboda kamun ya kusa ƙarar da shi a wurare da yawa, kuma mu da muka san ɗanɗanon tsarewa ba mu da sha'awar keji.

Daga Edea, da ke bakin kogin Sanaga, titi ya miƙa kudu zuwa Kribi. Garin yana da hasumiyar fitila da Jamusawa suka gina a 1906, a gaɓarsa ne bututun man Cadi mai tsawon kilomita 1,070 ya ƙare tun 2003, kuma a kudancinsa aka buɗe babbar tashar jiragen ruwa a 2018. Amma duk wannan bai dami yara ba. Sun tsaya cirko-cirko suna neman ɗaya gaɓar, don a saninsu kowane ruwa yana da tsallake. Yaron ya ɗebo da tafin hannu ya kurɓa, ya tofar, ya tambaya ko ana alwala da ruwa mai gishiri haka. Muka ce ana yi, ruwan teku mai tsarkakewa ne, abin da ke cikinsa kuma halal ne. Da yamma muka ci jatan lande, wanda daga sunansa na Fotugis ne sunan Kamaru ya samo asali. Kimanin kilomita bakwai kudu da gari, kogin Lobe yana zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, masunta na kai mutane kusa a kwale-kwale, zalɓe na tsaye a kan dutse ko gezau. Shawararmu ga mai iyali ita ce ya fita bakin ruwa da sassafe, kafin masu wanka tsirara-tsirara su cika wurin, kuma kada ya bar yaro ya shiga fiye da gwiwa, don igiyar ruwa tana janye ƙafa ta ƙasa ba tare da an ankara ba.

Gaɓar Kribi yamma take kallo, saboda haka rana cikin ruwa take faɗuwa. Mahaifiyarmu ta zauna a kan rairayi ta ƙulle bakin faifanta ana dab da magariba, ta miƙa wa jikarta ta ce ita za ta yi na gaba. A hanyar komowa kuwa kusa da taga ta zauna, har a Yaloke.

Mun sani ba kowane gida ke da halin tafiyar da ta haura kilomita dubu ba, kuma ba mu ce kowa ya tashi ba tare da ya tambayi direbobi halin da titi yake ciki a makon da zai tafi ba. Amma matsirgar ruwa ta Boali, inda kogin Mbali ke faɗowa daga tsayin mita hamsin, ba ta kai kilomita ɗari daga nan ba, ana zuwa a dawo a yini. Bakin Ubangi kuwa, inda ake hango Zongo a tsallake, kuɗin tasi ne kawai. Saboda haka mun shirya da wasu iyaye cewa ranar Asabar ta farkon kowane wata, bayan sallar asuba, za mu haɗu da yara a gindin gadar Yakite mu sauka bakin kogi, mu dawo kafin hantsi ya yi zafi. Kowane yaro ya zo da littafin rubutu da fensir, ya rubuta sunan abin da ya gani da Hausa, da Sango, da Faransanci in ya samu. Wani bawan Allah ya ba mu aron madubin hangen nesa guda ɗaya, za a riƙa karɓa-karɓa. Iyaye mata da ke son 'ya'yansu su koyi faifai, ɗinkin hula ko kwarashi, mahaifiyarmu da maƙwabtanta biyu suna zama a tsakar gida bayan la'asar ranar Lahadi, kowa ya zo da zarensa.

Shi kuma Baba da ya yi mana tambaya, mun tanadar masa kujera a tasi ta farko, don an shaida mana yana yaro ya yi kiwo a wajen Bouar, kuma babu kukan tsuntsun da ba zai faɗi mai shi ba ko da idonsa a rufe.