Aikin asibiti na biyan kullum: abin da sabon ma'aikacin lafiya zai duba kafin ya amsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Kwanan baya wani ɗalibina da ya kammala karatun jinya a Jami'ar Parakou ya same ni bayan sallar La'asar. Wani asibitin kuɗi ya yi masa tayin aiki: duk ranar da aka kira shi, ko ya kwana da marasa lafiya, a biya shi kuɗin wannan ranar, ba albashin wata, ba takarda. Ya ce, "Malam, in karɓa ko in jira gwamnati ta ɗauki ma'aikata?" Na ga tambayar ta shafi 'ya'yanmu da yawa a Parakou da Djougou, shi ya sa na kawo amsar nan.

A shekarar 2018 gwamnatin Patrice Talon ta ce wa ma'aikatan lafiya na gwamnati kowa ya zaɓa: ko asibitin gwamnati ko na kuɗi, ba a haɗa biyu. Asibitocin kuɗi suka rasa ƙwararrun da ke leƙo musu bayan tashi daga aiki, gurbin kuwa sai a nemi sabbin hannu su cike. Kafin nan, dokar ɗaukar ma'aikata ta 2017 ta halatta a yi ta sabunta yarjejeniyar wucin gadi ba iyaka. Ke nan "ɗan lokaci" yana iya zama shekaru.

Mu yi lissafi. Tun Janairun 2023 mafi ƙarancin albashi a Benin sefa dubu 52 ne a wata. A ce an ba ka dubu 5 a rana, aka kira ka sau 12, ka tashi da dubu 60, ka ga kamar ka wuce mai ƙaramin albashi. To watan da zazzaɓi ya kwantar da kai, ko marasa lafiya suka ragu aka kira ka sau 6 fa? Dubu 30 ne, ga haya, ga man babur. Sannan ka tambaya: za a yi maka rajista a CNSS? Fanshon tsufa na wannan asusu sai an cika wata 180 ana zuba kuɗi. Duk watan da ka yi aiki ba rajista, ya tafi ke nan.

Shari'a ba ta hana a ɗauki mutum aikin yini ba. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, sun halatta ijara da sharaɗin a yanka wa'adi, a ambaci lada. Ko Annabi Musa (AS) da ya yi aiki a Madyana, sai da aka fayyace masa shekaru takwas ko goma. Abin gudu shi ne jahilcin sharaɗi. Saboda haka a rubuta: ƙarfe nawa ake shiga da fita, kuɗin dare da na rana ɗaya ne, yaushe ake biya, wa zai ɗauki nauyinka idan allura ta soke ka. Wanda ya ƙi sa hannu a kan abin da ya faɗa da baki, ya riga ya gaya maka halinsa.

Amma abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. A CHUD na Parakou, ko asibitin Ordre de Malte na Djougou, sabon ma'aikaci yana da na gaba da shi da zai kira. A ƙaramin asibiti kuwa ana iya barinsa shi kaɗai da tsakar dare, ga mai naƙuda tana zubar da jini. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi magani alhali ba a san shi da ilimin ba. Takardar shaida ba ta mai da mai jinya likitan tiyata. Ka tambaya tun yau: wa ke tare da ni a daren? Asibitin yana da izinin Ma'aikatar Lafiya? Ina ake tura wanda ya fi ƙarfinmu?

Abin da na gaya wa ɗalibina shi ne: idan an rubuta sharuɗɗa, akwai babba a kanka, asibitin kuma yana da izini, ka karɓa, domin hannun da ya zauna yana mantuwa. Amma ka sa wa kanka wa'adi, ka ci gaba da shirin jarrabawar ɗaukar ma'aikata. Idan ɗaya daga ukun nan ya ɓace, ka haƙura.

Ku kuma masu asibitoci daga cikinmu, ku ji tsoron Allah kan gumin yaran nan, ku biya su a kan lokaci.

Allah ya sa mu dace. Wallahu a'alam.