MAJALISAR SHAWARA TA 'YAN KASUWAR KANO: WA ZAI ZAUNA, WA ZAI AMSA?

Rubutun yana da ɗan tsawo, don Allah a daure a kai ƙarshe kafin a fara sharhi.

Jiya bayan sallar isha'i muna hira a majalisarmu ta ƙofar gida, sai wani abokina mai shago a Kantin Kwari ya dube ni ya ce, "Malam, ku ma'aikata kullum kuna taro a kan tattalin arziki, amma shekara ashirin ina kasuwa ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni me ke damuna." Na yi dariya kawai, amma wallahi maganar ta kwana a raina, domin gaskiya ya faɗa.

Ra'ayina shi ne birnin Kano yana buƙatar tsayayyiyar majalisa ta 'yan kasuwa da masu sana'a, wadda za ta riƙa zama da gwamnati a kai a kai tana ba da shawara. Sai dai idan irin kwamitocin da na saba gani za a yi, gara a bar kuɗin shayin a baitulmali.

Na san abin da nake faɗa. Na taɓa zama sakataren wani kwamiti makamancin wannan. An ƙaddamar da mu a otal, 'yan jarida sun ɗauki hoto, mun zauna sau uku, mun rubuta rahoto mai bango mai ƙyalli. Har yau yana cikin durowa. Da na waiwaya sai na ga abu biyu ne suka kashe shi: waɗanda aka ɗora a kujerun sunansu aka duba, ba sana'arsu ba, sannan babu wanda aka wajabta wa ya ba mu amsa. Ni ma da nawa laifin, don ban taɓa bin fayil ɗin na ji inda ya kwana ba.

Me ya sa abin yake da muhimmanci? Ku tuna abin da ya faɗa wa kasuwar garin nan a 'yan shekarun nan. Gobarar kasuwar Sabon Gari a 2016. Rufe iyakokin ƙasa daga watan Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020. Ruwan da ya shiga shagunan Kantin Kwari a daminar 2022. Ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, sai cire tallafin mai a watan Mayu, sai kuma rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli, alhali kowa ya san Maraɗi da Damagaram abokan cinikinmu ne tun kaka da kakanni. A watan Afrilun 2024 kuma kuɗin wuta ya ninka fiye da sau uku ga waɗanda ke rukunin farko. Wasu daga cikin waɗannan daga Abuja suka zo, Kano ba ta da iko a kai, na yarda. Amma kowanne ya same mu ne ba mu da teburi ɗaya da mai hatsi na Dawanau da mai masana'anta na Sharaɗa za su zauna su ce ga asarar da muka yi, ga abin da jiha za ta iya ragewa. Kowa kukansa ya yi a gidan rediyo, aka wuce wurin.

To, ga yadda nake ganin ya kamata a tsara ta.

Da farko, kujera ta sana'a ce, ba ta mutum ba. Kujerar tufafi ta Kwari, ta hatsi ta Dawanau, ta kayan masarufi ta Singa, ta wayoyi ta Farm Centre, ta ƙarafa da kayan gini ta Ƙofar Ruwa, ta masu takalma da majema, ta masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, ta masu motocin ɗaukar kaya. Kowace ƙungiya ta zaɓo nata ta turo, gwamnati ba ta da hurumin canza suna. Wa'adi shekara biyu, a sake zaɓe. Kada kuma su wuce ashirin, domin taron mutum hamsin jawabi ake yi, ba shawara ba.

Sannan a tuna da waɗanda ba sa shiga otal. Matan da ke sana'a a cikin gida, masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ɗinkin hula da turaren wuta, kuɗin da ke juyawa a hannunsu ba kaɗan ba ne, amma ban taɓa ganin an tambaye su ba. Haka 'yan dako da masu a-daidaita-sahu, waɗanda in sun tsaya kwana ɗaya kasuwa ta tsaya. Haka 'yan'uwanmu Ibo da Yarbawa na Sabon Gari, da suke biyan haraji a garin nan kamar kowa. Majalisar da attajirai kaɗai ke ciki, matsalar attajirai kaɗai za ta gani.

Abu na gaba, kuma shi ne ƙashin bayan maganar: dole a amsa. Duk shawarar da majalisar ta miƙa a rubuce, ma'aikatar da abin ya shafa ta mayar da amsa a rubuce cikin kwana talatin. Za mu yi, ga rana. Ko ba za mu yi ba, ga dalili. A karanta shawarar da amsar a rediyo da Hausa, a manna a allon kowace kasuwa. Ku yarda da ni, ba abin da ma'aikaci yake gudu kamar takardar da ke da ranar ƙarshe kuma jama'a sun san da ita. Ba a ce gwamnati ta karɓi kowace shawara ba, ai ita aka zaɓa ta yi mulki. Amma shiru ba amsa ba ce.

A kuma taƙaita aiki. Abu uku a shekara ya isa. Ni da za a tambaye ni, sai in ce a fara da yawan masu karɓar haraji, a samu takarda ɗaya da ke nuna me ake biya, wa ake biya, nawa ne. Na biyu magudanan ruwa da hanyar motar kashe gobara a cikin kasuwanni. Na uku wutar masana'antu, tunda dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi damar tsara tasu kasuwar wutar. Akwai kuma tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawachiki a 2023, da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, da bututun gas da zai taso daga Ajaokuta ya bi ta Kaduna. Wa yake shirya ƙaramin ɗan kasuwa ya amfana da su? In ba a shirya ba, sai dai mu ga kaya suna wucewa ta ƙofar gidanmu.

Kada a sa alawus mai tsoka. Kuɗin mota ya wadatar. Ranar da kujerar ta zama abinci, ranar za a fara neman ta da takardar ɗan siyasa. Kuma a kafa ta da dokar Majalisar Dokokin Jiha, don kada sabuwar gwamnati ta zo ta rushe ta da sanarwa ɗaya. Ƙananan hukumomi takwas na cikin birni su ma su samu wakilci, tunda da yawa daga cikin rasiɗan da ake yankar wa 'yan tireda daga wurinsu suke fitowa.

Na san wani zai ce, ai akwai KACCIMA, akwai ƙungiyar masu masana'antu, kowace kasuwa kuma da shugabanninta. Haka ne, kuma ba a ce a ture su ba, su ne ma za su cike wasu kujerun. Bambancin shi ne yanzu kowa shi kaɗai yake zuwa gidan gwamnati, ya yi gaisuwa, a yi masa alkawari, ya fito. Wani kuma zai ce shugabancin wasu kasuwannin ma siyasa ta shige shi. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro. Maganinta dai shi ne zaɓe a fili da gajeren wa'adi, sauran kuma ya rage ga 'yan kasuwar kansu. In kun sayar da kujerarku, kada ku zo kuna kuka da mu.

Muna alfahari da kirarin Kano ta Dabo tumbin giwa, amma kirari ba ya biyan kuɗin dizal. Duk masana'antar da ta rufe a Bompai, matasan unguwanninmu ne suke komawa bakin titi, ƙannena da naku.

'Yan kasuwar da ke cikin abokaina a nan, ina son jin ta bakinku. Da za a ba ka kujera gobe, wane abu ɗaya za ka fara ɗorawa a kan teburi? Ɗaya tak, ban da zagi, ban da jam'iyya. Zan tattara amsoshin in kawo su a rubutu na gaba in sha Allahu.

Allah Ya yi wa kasuwanninmu albarka, Ya tsare su daga gobara da ambaliya.