Zane Ma Magani Ne

A 2015, ma'aikatan UNICEF sun raba takarda da fensir ga yaran Najeriya da rikicin Boko Haram ya kora zuwa sansanin Dar es Salam, kusa da Baga Sola a Chadi. Yaran suka zana bindigogi, gidaje na ci da wuta, da gawarwaki. Abin da ya gagari baki, hannu ya fitar.

Dabarar yin magani da zane tsohuwa ce. Adrian Hill, mai zane ɗan Ingila, ya raɗa mata suna a 1942, bayan zane ya sauƙaƙa masa jinyar tarin fuka.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci a Arewacin Najeriya. Ya kamata jihohi su horar da malaman firamare su riƙa sa yaran da suka ga tashin hankali yin zane, su saurare su, su tura masu tsananin firgici asibiti.