Almakashin Ƙwayoyin Gado: Darasi Daga Yis ɗin Burodi

Da yawa daga cikinmu ba mu san yis ba sai a gidan burodi, inda yake kumbura kwaɓin fulawa. Amma a ɗakunan binciken kimiyya, wannan mitsitsiyar halitta ita ce zakaran gwajin dafi. Tun shekarar 1996 masana suka kammala karance kundin ƙwayoyin gadonta, mai haruffa kimanin miliyan 12.

A shekarar 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana CRISPR-Cas9, wani irin almakashi da ake haɗawa da ɗan jagora mai haruffa 20, ya bi kundin har ya sami gurbin da ya dace da jagoran, ya yanke. A 2013 masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka suka gwada shi a kan yis, aiki ya yi kyau ƙwarai.

Sai dai, mai karatu, ba a nan gizo ke saƙar ba. Ina ganin kuskure ne babba a ɗauki nasarar da aka samu a yis tamkar shaida ce a kan ɗan Adam. Da farko, kundin mutum ya haura haruffa biliyan 3, saboda haka guraben da suka yi kama da juna sun fi yawa, kuma almakashin yakan yanke gurbi mai kama da wanda aka aike shi. Na biyu, yis gwani ne wajen ɗinke yankan daidai da samfurin da aka ba shi, alhali ƙwayoyin jikin mutum sun fi yin ɗinkin gaggawa, wanda kan zubar da haruffa ko ya ƙara wasu. Na uku, idan yis ya lalace zubarwa ake yi a sake sabo. Wa zai zubar da ɗansa?

Maganar ta shafe mu kai tsaye. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin sikila da aka samar da wannan almakashi, kuma babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu wannan lalura.

Ba ina kira a guji fasahar ba ne. Kirana ga likitocinmu da malaman jami'o'inmu shi ne, duk wanda ya zo yana cewa almakashinsa ba ya kuskure, a tambaye shi: a jikin wace halitta aka auna, kuma gurabe nawa aka bincika? Sai an gwada akan san na ƙwarai.