Tsakanin “was” da “were”: Mu daina koyar da Turanci da haddar aku

Kwanakin baya ɗiyata ta dawo daga makaranta rai a ɓace. An ba su aikin gina jimloli da “as if”, wato “kamar” ko “sai ka ce”, sai ta rubuta: “It looks as if the rain is coming.” Malaminta ya sa jan biro ya soke “is”, ya maye gurbinsa da “were”, wai dokar nahawu ke nan: duk inda “as if” ya fito, “were” ke bin sa. Ban ga laifinsa sosai ba, domin haka aka koya masa, haka kuma aka koya wa da yawa daga cikinmu. Sai dai yarinyar ce ke da gaskiya.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne, Turanci yana da sigogi biyu na aikatau a irin wannan kwatanci. Akwai sigar tabbas, wadda ake amfani da ita idan abin gaskiya ne ko yana iya zama gaskiya. Akwai kuma sigar ƙaddarawa, wadda ake ɗaukowa idan mai magana ya san abin ba haka yake ba. Wanda ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya ce kamar za a yi ruwa, ruwan yake tsammani, don haka “is” ne daidai. Amma wanda ya ce “He talks as if he were the governor”, ya riga ya shaida mana cewa mutumin ba gwamna ba ne, cika baki kawai yake yi. Haka abin yake a sauran aikatau: “as if he knows” ya bar ƙofa a buɗe, wataƙila ya sani, “as if he knew” kuwa ya fi karkata ga cewa bai sani ba.

Abin mamaki, Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan bambanci. Ko yaron firamare ya san “Idan Audu ya zo za mu ci tuwo” daban yake da “Da Audu ya zo da mun ci tuwo.” A ta farko muna jiran Audu, a ta biyu mun fid da rai. Haka nan “da alama shi ne mai gidan” zato ne, amma “yana taƙama sai ka ce shi ne mai gidan” zargi ne. To, me zai hana malami ya fara daga nan, maimakon ya ɗora wa yara dokar da ba su san dalilinta ba?

Na san wasu za su ce ai Turawan da kansu sun yi watsi da wannan siga, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Tun a 1926 masanin nan na Ingila, Henry Fowler, ya yi nuni da cewa sigar ƙaddarawa tana kan hanyar mutuwa. Babban littafin nahawun da Randolph Quirk da abokan aikinsa suka fitar a 1985 ma ya nuna cewa “was” kan maye gurbin “were” a maganar yau da kullum. Saboda haka wanda ya ce “as if he was” a wajen hira bai yi abin kunya ba, kuma masu yi masa dariya burga ce kawai.

Amma hira daban, takardar ofis daban. A ce jami’i ya rubuta a rahoto cewa abokin aikinsa ya sa hannu a kan takardar kuɗi “as if he were authorised”. Ya tuhume shi ke nan da yin abin da ba a ba shi izini ba. Idan kuwa nufinsa shi ne da alama an ba shi izinin, to kalma guda ta shafa wa bawan Allah kashin kaji. Lauyoyi da ’yan jarida da masu rubuta bayanan taro su ne suka fi kowa buƙatar wannan kula, domin magana zarar bunu ce.

Kirana ga malaman Turanci, musamman masu shirya ɗalibai don jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, shi ne su riƙa sa yaro ya tambayi kansa kafin ya ɗora alƙalami: abin nan da zan kwatanta, yana iya zama gaskiya, ko na san ba haka ba ne? Idan ya amsa da Hausa, ya gama rabin aikin. Ɗiyata dai na ce ta koma wa malaminta cikin ladabi da misalin Audu da tuwo. Allah Ya sa mu dace.