Kafin A Sauke Giyar Tsohuwar Mota

Mafi yawan motocin da malaman makaranta da akawuna su ke hawa a ƙasar nan na hannu ne, waɗanda a ke kira Beljiyam. Sun riga sun ci rabin ƙarfinsu a Turai ko Amurka kafin su sauka Ikko ko Kwatano, sa'an nan mu kuma mu ɗora musu ƙura da zafi da ramukan hanya. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a wayi gari giya ta soma gardama. Ran da haka ta faru, maganar da mai mota ya kan fara ji a gareji ita ce a sauke ta a sa wata. Mu dai ba mu yarda a fara daga nan ba.

Giyar hannu ba ta da wuyar sha'ani. Tun da aka soma harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna cikin 1975, kanikawanmu sun san irinta ciki da waje. In inji yana ruri amma mota ba ta ƙara gudu, galibi farantin kuloci ne ya cinye, shi kuwa abin ƙarewa ne kamar birki. A sake shi, magana ta ƙare.

Otomatik ita ce mai rikitarwa, domin kuwa da mai ta ke aiki. Tsakanin inji da giya akwai wani rufaffen kasko mai fanka biyu, ɗaya ta inji ɗaya ta giya, mai ne ya ke ɗauke ƙarfi daga wannan zuwa waccan. Man nan kuma shi ke matse faranta a cikin giya, shi ke sanyaya su. In ya ragu ko ya tsufa, sai mota ta riƙa jinkirin tashi, ko ta yi fizga wajen sauya giya, alhali kuwa ba abin da ya karye. To, a auna shi yadda littafin motar ya ce, a ɗiga kaɗan bisa farar takarda. In ja ne, ko ya ɗan yi duhu, da sauran fata. In ya yi baƙi yana ƙauri, faranta sun ƙone. In kuwa ya yi kama da shayi mai madara, ruwan lagireto ne ya shiga, kuma ko sabuwar giya aka sa sai ta mutu in ba a gyara lagireton ba.

Bayan mai sai kwamfuta. Motocin da aka yi domin Amurka tun daga 1996 duka suna da kafa a ƙarƙashin sitiyari inda a ke jona na'ura ta karanta abin da ke damunsu. Sau da yawa laifin na ɗan abin da ke auna gudu ne, ko na ɗaya daga ƙananan makullan lantarki masu buɗe wa mai hanya, waɗannan kuwa a kan sake su a motoci da dama ba tare da an sauke giya ba. Har ma mota ta kan kulle kanta cikin giya ɗaya don ta tsare kanta, mai ita ya ɗauka ta mutu. Malamin da ba ya yarda ya ba yaro maki sai ya duba takardarsa, yaya zai yarda a yanke wa motarsa hukunci da kunne kawai?

Muna kuma jawo hankalin jama'a ga abu biyu da su ke kashe giya mai sauran kwana. Kowace giya da irin manta, musamman irin da a ke kira CVT, wadda man otomatik na kullum ya ke lalatawa. Kuma ba a jan otomatik da igiya tafiya mai nisa inji a kashe, gama famfon mai ba ya juyawa.

In an bi duk wannan aka tabbata giya ta tafi, hanya biyu ce: a buɗe a gyara, ko a nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a sayo ta Beljiyam. Mutane sun fi son ta biyu don sauri, sun manta giyar Beljiyam sa'ar motar da aka ciro ta ce, ba ta kuwa da mita a jikinta. Cinikin biri a sama ke nan. Amma gyaran ma yana da nasa sharaɗi. Hanyoyin mai a cikin otomatik sirara ne ƙwarai, ƙwayar yashi tana iya toshe su, saboda haka wanda zai baje ta a gindin bishiya cikin hunturu bai kamata a ba shi ba. In akwai gwanin da aikinsa ke nan, mai ɗaki rufaffe, mu gyara mu ka fi so, domin an san abin da aka sa a ciki. In babu, a sayi ta Beljiyam, amma lambarta ta dace da ta motar, a wanke bututun da ke kai mai lagireto, kuma a rubuta takarda: kwana nawa na gwaji, wa zai biya ladan kanike in an mayar. Akawu bai kamata a koya masa amfanin takarda ba.

Saura maganar kuɗi. Akan ce in gyara ya kai rabin kuɗin mota gara a sayar. Wannan lissafi ya yi rauni tun da aka saki darajar naira cikin watan Yuni na 2023, kuɗin motocin shigowa ya yi wa albashi nisa. Abin tambaya yanzu shi ne, in an sayar da wannan, da me za a sayi wata, kuma wa ya san halin tata giyar? Abin dubawa na gaskiya shi ne sauran jikin motar. Inji yana hayaƙi shuɗi? Yana shan baƙin mai? Yana zafi a kan tudu? A leƙa ƙarƙashi kuma, gama motocin ƙasashen da a ke zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara tsatsa ta kan ci su daga ƙasa. A tuna kuma mitar motar Amurka mil ta ke ƙirgawa: in ta nuna 200,000, ta yi wajen kilomita 320,000 ke nan.

In inji lafiya lau, jiki ba tsatsa, a gyara giya ko da za a jira kwasar adashi. In kuwa inji ma ya kama hanyarsa, kada a ci bashi a kan giya, domin wata shida ba za su cika ba sai an koma neman na inji. Irin wannan mota a sayar da ita yadda ta ke, a gaya wa mai saye abin da ke damunta, a rage masa kuɗin giyar.